Gambo Dillali da Abin Kunnen Mamaci

Duk wanda ya daɗe a Gyadi-Gyadi, in dai an taɓa yi masa rasuwa, to ya san Malam Gambo Dillali. Ba wankan gawa yake yi ba, ba kuma haƙar kabari ba. Shi nasa aikin sai an share makoki, hawaye ya bushe, magada sun fara kallon juna ta wutsiyar ido. A lokacin ne za ka hango shi ya doso gida cikin babbar rigarsa ruwan toka wadda guga ta cinye wa wuya, yana tafe yana jan carbi kamar wanda ya zo ƙarin ta'aziyya. Sana'arsa yi wa kayan mamaci kuɗi. Malamin da ke rabon gado ya san tumuni, ya san sudusi, amma bai san nawa tsohon firji yake a kasuwa ba. Wannan fannin na Gambo ne. Shi zai ɗaga kujera, ya ƙwanƙwasa gado, ya shinshina darduma, ya yanke kuɗi, malam ya rubuta.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wannan aiki, kuma ba shi da wani jari sai sunansa. "Gambo ba ya cin kayan marayu," in ji mutanen unguwa. To, su dai sun faɗa. Gaskiyar magana ita ce ba ya cin babba, shi ya sa aka yarda da shi. Mota, fili, gida, duk inda ido yake, nan Gambo waliyyi ne. Amma agogon bango, fitilar caji, tsohuwar rediyo, butar shayi, sai ka ji ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai ba abin ɓata takarda ba ne, ku bar min a bakin la'ada." Magada kuwa hankalinsu na kan takardar gida, wa zai tsaya jayayya a kan buta? Rumfarsa da ke bakin Court Road cike take da irin waɗannan, kowanne da gidan makokin da ya fito.

Abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: bai taɓa sayen abu a kuɗin da aka sa masa ba. Ya taya magani a kemis, ya taya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu sai da ya tsaya taya likkafani, har mai yadin ya ce, "Malam Gambo, ka ji tsoron Allah, gawa na jira." Yana kuma da wata dabara da duk kasuwa ta san shi da ita. In aka faɗi kuɗin da bai yi masa ba, sai ya kai hannu bayan kunne, ya karkata kai, ya ce, "Ban ji ba." A sake faɗa, ya sake cewa bai ji ba. Ba zai ji ba sai kuɗin ya sauko inda yake so, nan take sai kunne ya buɗe.

To, Allah ba ya barci. Rumfar tasa tana tsakanin mai walda da mai gyaran janareto, shekara ashirin ana yi masa luguden ƙarfe a ka, ga kuma girma ya zo. A hankali kunnen ya fara nauyi da gaske. Matarsa Safiya ce ta fara lura, don rediyon da yake kunnawa da safe har maƙwabta na gida na uku suna sauraron labarai kyauta.

"Malam, kunnenka fa ya taɓu," in ji ta.

"Kunnena ƙalau. Ku ne kuka koyi magana ciki-ciki kamar marasa gaskiya."

Da a gida abin ya tsaya, da da sauƙi, Safiya ta saba haƙuri. Amma rabon gado ba a yin sa da ihu. Aiki ne na ƙasa-ƙasa. Wannan ya ja ka gefe ya ce marigayi ya riga ya ba shi keken ɗinkin nan tun yana raye, waccan ta aiko daga cikin gida a raɗa maka cewa akwatin nan nata ne na aure. Dillalin da sai an ɗaga murya zai ji, ai ya mai da sirrin gida wa'azin kasuwa. A wani rabo da aka yi a Unguwar Gano, sai da babban ɗan marigayi ya maimaita masa sau uku, yana ƙara murya, cewa zoben azurfan nan na jabu ne, kada a tona. Kafin ya rufe baki masu shayin ƙofar gida sun ji. Daga ranar mutane suka fara kiran Ƙasimu, wani dillali mai ƙuruciya da ke duba farashin kaya a waya. Gambo ya yi wata huɗu ba wanda ya aiko masa. Nan ne ya gane cewa in kunne ya tafi, sana'a ta tafi, sunan da ya yi shekara talatin yana tattali kuma ba shi da inda zai yi amfani.

Sai ya lallaɓa asibitin koyarwa, ba tare da ya gaya wa 'yan majalisarsu ba. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki shiru, aka rufe masa kunnuwa, aka ba shi wani maɓalli, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Ya danna inda ya ji, ya danna inda bai ji ba, wai kada a raina shi. Duk da haka takardar da aka ba shi layukanta gangarowa suka yi. Ma'aikacin ya nuna masa na'urar ji guda biyu, ƙanana, masu lanƙwasa, ana rataya su a bayan kunne. Ya yi masa bayani: kowane kunne da irin raunin da ya yi, wani siririyar murya ce ke ɓace masa, wani kakkaura, don haka sai an saita na'ura daidai da takardar mutum, kamar yadda ake yanka tabarau daidai da ido. Sannan ya rubuta kuɗin ya tura masa. Naira dubu ɗari bakwai.

Gambo ya dubi takarda, ya dubi 'yan abubuwan da ko cikin tafin hannu ba su cika ba.

"Wannan 'yar robar? To nawa ne gaskiya?"

"Baba, shi ne gaskiyar."

"Na saya hamsin."

Ma'aikacin ya yi dariya, ya ce nan ba kasuwar Kurmi ba ce. Gambo ya tambayi ko akwai na hannu, wanda wani ya yi amfani da shi ya gaji. Aka sake yi masa bayanin tabarau daga farko. Ya naɗe takardarsa ya cusa a aljihu, ya fito yana mita. Kunne ai kunne ne, in ji shi, rami biyu ne Allah ya yi wa kowa, su dai 'yan boko ba su rasa hanyar yankar mutum.

Kada wani ya ce rashin hali ne. Yana da rabin fuloti a Ƙauyen Alu da ya bari ciyawa na ci, kuma ko kayan rumfar nan ya kwashe rabi ya sayar, da an wuce wurin. Safiya har awarwaronta na gwal ta ciro ta ajiye masa a kan tabarma.

"Ka sayar, Malam. Na gaji da magana da bango."

"Mayar da kayanki. Ni Gambo a sa min kuɗi in biya ba tayi? Sai dai bayan raina."

Ana nan sai Malam Ja'afar, malamin da suka daɗe suna rabon gado tare, ya aiko masa. Za a raba gadon Alhaji Ɗanladi na Daurawa, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya rasu wata biyar da suka wuce. Iyalin sun so a kira Ƙasimu, Malam Ja'afar ne ya ce a'a, a kira Gambo, tsohon hannu ne kuma mai amana. Saboda zumunci ya yi masa haka, kuma Gambo ya san in wannan ta kuɓuce ba wata.

Ranar Asabar da hantsi aka zauna a falon marigayi. Mata na cikin gida, Hajiya ba ta daɗe da fita takaba ba. Babban ɗa, Faruk, ya zo daga Abuja da mukullin mota a yatsa, yana duba agogo kamar wanda aka tsare a kan hanya. Malam Ja'afar ya zauna dab da Gambo yana yi masa magana a saitin kunne. Aka yi wa mota kuɗi, aka yi wa kujeru, aka yi wa firji, komai daidai, ba wanda ya yi ƙorafi. Daga nan aka shiga ɗakin marigayi. A durowar gefen gado, tsakanin kwalaben magani da tsofaffin rasitai, hannun Gambo ya ci karo da wani ɗan akwati baƙi. Ya buɗe.

Su ne. Guda biyu, kwance a kan soso, irin waɗanda aka nuna masa a asibiti, har ma sun fi kyan gani.

Faruk ya leƙo. "Wannan ba abin sauraron waya ba ne? Baba da son jin wa'azi."

Ka ji ɗa! Shekara uku uban na yawo da abin nan a ƙarƙashin hirami, amma wanda ba ya zuwa gida sai da Sallah, ya gaisa a tsaye ya juya, ina zai san abin da ke kunnen ubansa? Kuɗin motar kuwa ya san shi har da na taya.

"Shi ne," in ji Gambo. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Irin na yara. Dubu biyu ma an yi masa gata."

Malam Ja'afar ya matso, ya ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ka tabbata, Malam Gambo? Amana ce fa."

Wannan kam ya ji ta sarai.

"Haba Malam, yau na fara? Ni ma zan saya wa jikana, kada ya zame muku kaya."

Ya zaro dubu biyu ya ajiye a gaban kowa, wai don abin ya zama halal. Malam ya haɗa shi da tsofaffin takalma da tocila, ya rubuta "ƙananan tarkace". Gambo ya fito daga gidan yana jin kansa sarkin dillalan Kano. Ga suna ya dawo, ga kunne a aljihu, ga 'yan asibiti ya yi musu wayo.

Yana isa gida ya shige ɗaki ya cusa su. Wani fito ya tashi, tsiiii, har cikin haƙoransa. Robar da ke shiga cikin kunne an zuba ta ne daidai da ramin kunnen Alhaji Ɗanladi, shi kuwa marigayi ƙaton mutum ne, komai nasa babba. Gambo ya danna da ƙarfin tsiya. Safiya ta ajiye ludayi a kan murfin tukunya a tsakar gida, ya zabura ya ce an yi harbi. Amma da ta shigo ta yi masa magana, sai ya ji muryarta kamar daga cikin randa, ƙara ta ƙaru, kalma ba ta fito ba.

"Ina ka samo wannan?" Ta tambaya da ƙarfi.

"Wani aminina ya kawo min daga Dubai."

Ta dube shi. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta san shi da aminin da ya wuce Zariya ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Mako uku yana wannan azaba. Ya sa reza ya fere robar, ta yi kaifi, ta yanke shi. Kunnen dama ya kumbura ya fara ruwa. Da la'asar kansa sarawa yake kamar zai rabe. Duk da haka kullum sai ya rataya su ya je majalisa, yana juya kai don a gani, yana cewa na Dubai ne, ba irin na asibitin nan ba. A masallaci, da ya yi sujada hula ta taɓa abin, sai fito ya tashi, mutanen sahu su rasa inda za su sa kansu. Wani dattijo ya taɓa ce masa bayan sallama, "Malam Gambo, in za ka shigo ka riƙa kashe tsuntsun nan."

Da abin ya ishe shi ya kai Farm Centre wurin masu gyaran waya. Wanda ya nuna wa ya jujjuya, ya mayar masa, ya ce wannan ba aikinsu ba ne, sai da kwamfutar masu gwajin kunne. Asibitin koyarwa kuwa ba zai koma ba, da wane ido zai kalli mutumin da ya taya wa hamsin? Aka kwatanta masa wata ƙaramar cibiyar gwajin ji a cikin Tarauni, a saman wani bene. Ya hau adaidaita, ya taya kuɗin, ya tafi.

Wadda ke aiki a wurin sunanta Esther, iyayenta mutanen Zonkwa ne amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin ganuwa. Ta haska kunnen da 'yar fitila, ta kama baki.

"Baba, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Na'am?"

Ta ɗaga murya. "Na ce wa ya fere wannan robar?"

"Haka ta zo daga Dubai."

Ta wanke ciwon, ta sa magani, ta karɓi takardarsa ta asibiti wadda ta yi laushi a aljihu, ta sake gwada shi. Sannan ta haɗa na'urorin da kwamfuta. Gambo na kallon fuskarta, don wanda kunnensa ya yi nauyi da ido yake saurare. Ya ga ta tsaya cak. Ta dubi allon, ta dube shi, ta sake duban allon. Ta ɗauki wayarta ta rubuta wani abu. Daga nan ta tashi ta leƙa waje, inda mutum biyar ke zaune a benci suna jiran layi, ta turo ƙofa ta rufe. Ta cire robar marigayi, ta sa wata 'yar taushi sabuwa, ta yi 'yan danne-danne na ɗan lokaci, ta rataya masa a hankali.

Wayyo duniya! Fanka ashe tana da murya. Agogon bango na tafiya, ƙyas, ƙyas. Ya motsa, ya ji shadda tana ƙara a jikinsa. Can ƙasa wata mai talla na kiran dafaffiyar gyaɗa, kowace kalma ta iso shi ɗaya bayan ɗaya, a wanke. Ya ji numfashinsa. Shekara nawa rabonsa da jin numfashinsa? Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, kuma ko ni da nake ba da labarin nan ina jin haushinsa, a wannan gaɓar sai da ya ba ni tausayi.

"Baba, kana ji na?" in ji Esther, da murya ƙasa-ƙasa.

"Ras! 'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ras nake jin ki."

"To madalla. Na saita maka ne na ɗan lokaci, don maganar da za mu yi ba ta ɗaga murya ba ce, ga mutane a waje. A ina ka ce ka samo?"

"Dubai."

Ta juyo masa da allon. Ko bai yi boko mai zurfi ba, ya iya karanta suna. Alhaji Ɗanladi, Daurawa, da lambar na'ura, da ranar da aka saita.

"A kujerar nan da kake zaune ya zauna," in ji ta. "Ni na gwada shi, ni na zuba robar da ka fere. 'Yarsa Mufida ce ta kawo shi, nas ce a asibitin koyarwa. Shekara biyu tana tsimi daga albashinta kafin ta iya saya masa. Bayan rasuwarsa ta zo nan sau biyu tana tambaya ko za a iya saita wa mahaifiyarta, don ita ma kunnenta ya fara. Na ce za a iya, ta kawo. Bayan an gama rabon gado ta birkice gida ba ta gani ba. Ta ɗauka a asibiti ya ɓace ranar da ya cika, a hannunta, har kuka ta yi min a nan. Na gaya mata an gani. Tana hanya."

Gambo ya dubi ƙofa. Ya zauna yana jin agogo, wanda ɗazu ya yi masa daɗi, yana ƙirga masa lokaci. Ya ji tsayuwar adaidaita a ƙasa. Ya ji takun takalmi a kan bene, hawa ɗaya-ɗaya, bai rasa ko guda ba.

Mufida ta shigo da farin kayan aiki a ƙarƙashin hijabi. Bai taɓa ganin ta ba, ranar rabo tana cikin gida tare da mata. Ita kuwa ta san shi, wa bai san shi ba? Ta rusuna ta gaishe shi yadda ake gai da sa'an uba.

"Ina wuni, Baba Gambo."

"Lafiya lau, 'yata. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Ta dubi bayan kunnensa, ta daɗe tana duba. Sannan ta ce, a hankali, "Baba, nawa ka ce wa Malam kuɗinsa?"

Hannun Gambo ya tashi da kansa, yadda ya saba shekara talatin, ya nufi bayan kunne, kai ya fara karkata. Yatsunsa suka taɓa na'urar. Ya tsaya haka da hannu a sama, su biyu suna kallon sa. Ya sauke.

"Dubu biyu," in ji shi.

"Ka san ko mene ne lokacin?"

Fanka na juyawa. Ya ce, "Na sani."

Ka ce a nan zai yi shiru ya nemi gafara ko? Ba ka san Gambo ba. Ya gyara zama, ya gyara murya, ya ce, "To 'yata, abin da ya faru ya faru. Yanzu tunda ga shi ya zauna min, kuma kin ga na hannu ne, an sha amfani da shi, robar ma ta lalace, nawa za ki sallama?"

Esther ta juya baya, ta kama gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Ba nawa ba ne da zan sallama," in ji Mufida. "Ranar da na ba Baba ya zama nasa. Ranar da ya rasu ya zama na magada. Da Hajiya a ciki, da autarmu Zulaihat da ko sakandare ba ta gama ba. Ni ba zan kai ka ko'ina ba, Baba. Ka je wurin Malam Ja'afar ka gyara abin da aka rubuta, da bakinka, yau. In ba ka je ba, gobe ni zan je." Ta buɗe jaka ta ciro dubu biyu ta ajiye a kan tebur. Ta miƙa tafin hannu. "Ciro."

"Ki bar ni minti ɗaya."

Ta bar shi. Ya rufe ido. Mai gyaɗa ta yi nisa, wani yana wanke mota yana waƙa, daga wani masallaci can wajen Maiduguri Road an fara kiran la'asar, siririyar murya, tun daga farkonta. Bai jira ta ƙare ba, don ya san in ya jira ba zai iya ba. Ya cire na hagu, ya cire na dama, ya zuba mata a hannu. Bakin Esther ya motsa, wataƙila maganar maganin ciwon take yi. Ya ɗauki takardarsa. Dubu biyun ma ya ɗauka.

Bayan la'asar ya sami Malam Ja'afar a zaurensa, da mutane kusan goma ana ɗaukar karatu. Ya roƙi a keɓe. Suka matsa lungun zaure, Gambo ya sunkuya dab da kunnen malam don ya yi maganar a asirce. Abin da ya manta shi ne, wanda ba ya jin muryarsa bai san girmanta ba. Shi a ransa raɗa yake yi. Amma tun daga "Malam, abin nan na gidan Alhaji Ɗanladi ƙarya na yi" har zuwa "ya fi dubu ɗari bakwai", ba wanda bai ji ba, har mai lemo da ke ƙofar zaure. Ya gane ne da ya ɗago ya ga duk littattafai a rufe, ido ashirin a kansa.

Malam Ja'afar ya yi magana mai tsawo, ba tare da ya matso kunnensa ba kamar yadda ya saba. Gambo ya ga leɓe na motsi, ya ga gemu na rawa, ya ga wani a cikin masu karatu ya girgiza kai, wani ya faɗi abin da ya sa na kusa da shi ya sunkuyar da kai. Nasiha ce, tsinuwa ce, addu'a ce, har yau bai sani ba, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya maimaita masa.

Yanzu duk rabon gadon da za a yi daga Gyadi-Gyadi har Daurawa, Ƙasimu ake kira. An ce Hajiyar Alhaji Ɗanladi tana jin jikokinta ras. Gambo na nan a rumfarsa tsakanin mai walda da mai janareto, waɗanda ƙararsu ba ta dame shi kuma, yana kaɗe ƙura daga agogunan mutane. Wasu magadan sun fara tsayawa a bakin rumfar suna ƙare wa kayan kallo, ɗaya har ya nuna wata butar shayi ya ce ta yi kama da ta babansa.

Kwanan baya Safiya ta saci jiki ta je asibitin koyarwa da takardarsa, ta tambayo kuɗin na'urar. Kaya sun tashi, ya kusa ninkawa. Ta ce har yanzu in aka haɗa awarwaron da fulotin Ƙauyen Alu za a iya. Ta sa aka rubuta mata a takarda, don ta gaji da ihu, ta kawo masa tare da abincin rana. Ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago ya ce, da muryar da duk layin ya ji, "Ba su rage komai ba?"

Safiya ta ajiye masa kwanon, ta gyara mayafinta, ta koma gida.